Fumfuna a Ƙarƙashin Ɗakin Kaylee

Orval Tackett yana kwance rigingine, tocila a baki, yana kankare katako da wuƙa. Abin da ya fito a bakin wuƙar baƙi ƙirin ne kamar kunkunniya. Ya kai hanci, ya kau da kai. Fumfuna ce, kuma ba irin wadda ake gogewa da tsumma ba.

Gidan na katako ne, a ɗage kan gajerun ginshiƙai kamar sauran gidajen wannan gefe na jihar Tennessee, ƙarƙashinsa sai da rarrafe. Shi da mahaifinsa suka jera katakan daɓen tun yana saurayi, babu ƙusar da bai sani ba. Don haka ya san inda yake kwance. Saman kansa ɗakin Kaylee ne, 'yar Lorna matar gidan, yarinyar da ta fara tari tun shigowar bazara kuma har yau bai sake ta ba.

Laifinsa ne, ya sani. Ko yaro a garin nan ya san ƙa'idar ƙananan tagogin iskan da ke jikin harsashin gida: a rufe su idan sanyi ya sauka, a buɗe idan itatuwa sun fara toho. Orval bai tsaya a rufewa ba. Sai da ya cusa musu tsummoki da soso, domin sanyin bara ya shiga masa har ƙashi. Da bazara ta zo kuma ya yi ta cewa gobe. Mutumin da ya yi shekaru yana yi wa maƙwabta wa'azin danshi, ga shi ya dafa ƙarƙashin gida kamar tukunya.

Ya jira sai da motar Lorna ta fita, ta kai yarinyar makaranta ta wuce aiki, sannan ya kama hanyar kantin Hollis a ƙafa.

"Bilic kuma?" in ji Hollis, yana miƙo masa jarkar sinadarin wanki. "Tsoho, sha kake yi ne?"

"Ba ni leda mai kauri ma."

"Ka ga, in fumfuna ta ci katako, bilic farin fuska kawai yake yi mata. Ciki tana nan tana dariya. Gidan wa kake yi wa aiki?"

"Ina ruwanka?"

"To, Allah ya ba da haƙuri. Tarin nan naka dai ka kai shi asibiti."

Ya cire tsummokin, ya buɗe tagogin. Iskar waje mai ɗumi ta shigo da nata ruwan, ta taru a jikin bututun na'urar sanyaya gida tana ɗiga. Ya mayar ya rufe. Ya shimfiɗa leda a ƙasa, ya danne gefenta da bulo. Ya goge, ya kankare, ya sake gogewa har fatar yatsunsa ta fara saɓulewa. Kullum kafin motar ta dawo ya tattara kayansa, ya kashe tocila. Kwana kaɗan baƙin ya sake tsattsafowa, har ya ƙara faɗi wajen bangon da gadon yarinyar yake.

Lorna kuwa ta ɗora laifin a kan kyanwa. Orval ya ji ta tana gaya wa 'yar'uwarta a waya: likita ya ce asma ce, ya ba da abin shaƙa, ya ce a raba yarinyar da dabba. Aka zo aka tafi da kyanwar, Kaylee ta yi kuka har muryarta ta dishe. Tarin bai ragu ba. Lorna ta canja matashin kai, ta cire labule, ta daina kunna turare. Ba ta taɓa tunanin leƙa ƙarƙashin gida ba, kuma Orval ya san ba za ta leƙa ba, tana tsoron maciji.

Wannan shi ya hana shi sukuni. In ya yi shiru, babu mai sani. In ya yi magana, za a kira masu aikin nan da fararen riguna da abin rufe hanci, su rarrafa su haska kowace kusurwa, su yaye komai. Ya zauna, ya tashi, ya zaga bayan gida, ya dawo. Ya ce bari ya ƙara gwada sati ɗaya. Wallahi ya so ya yarda da kansa.

Ranar Asabar da hantsi tarin ya canja. Ba tari ba ne kuma, wani siririn fito ne mai fita da ƙyar, sai tsayawa, sai ya sake fita. Ya ji gudun Lorna a kan katako, ya ji faɗuwar abin shaƙar, ya ji tana cewa, "Ja numfashi, 'yar lelena, ja, don Allah ja." Da ƙyar numfashin ya dawo.

Orval yana kwance a ƙasan ɗakin, komai a kunnensa. Tsoro ya ji, irin wanda bai ji ba ko ranar da ya binne matarsa. Sannan ya rarrafo waje, ya kaɗe ƙasar gwiwarsa, ya gyara wuyan rigarsa. Ya zagayo ta gaba, ya hau matakalar, ya ƙwanƙwasa ƙofa.

Lorna ta buɗe, idonta jajir.

"Ki fitar da Kaylee daga ɗakin nan yau," ya ce. "Ba kyanwa ba ce. Fumfuna ce a ƙarƙashin gadonta, ta cinye katakon. Ni na jawo."

Lorna ta dube shi daga sama har ƙasa. A hankali ta ja ƙofar ta rage faɗinta, ta sa ƙafa ta tokare.

"Bawan Allah, a ina ka san sunan 'yata?"

Tun hunturun da aka sayar mata da gidan, Orval yake kwana a ɓoye a ƙarƙashin ƙafafunta, kuma yau ce ranar farko da ta ga fuskarsa.