Lambatun da Aka Hana Yashewa

Kai da kake yawo da takardar neman tallafi a aljihu, zauna ka ji abin da ya sami wani tela, don na ga ƙafarka ta fara kama hanyarsa.

Telan nan gidansa ne na ƙarshe a gangaren unguwarsu, kuma lambatun da ke kwashe ruwan unguwar gaba ɗaya ta bayan katangarsa ya bi. Katangar ta ƙasa ce, ita ce kuma bangon ɗakin mahaifinsa, wani tsoho da ɓarin jikinsa ya shanye, ko juyi sai an juya shi. Tun tsohon yana da ƙarfi al'adarsu ce, da bazara ta kama a yi gayya, kowa ya fito da shebur da kwando a yashe lambatun kafin ruwan fari. To, a wannan shekara sai aka ji gwamnati za ta tallafa wa ayyukan unguwanni, amma sai an cike takarda, sannan jami'ai su zo su gani da idonsu. Da yake telan ne mai ɗan boko a cikinsu, shi ya cike, ya nemi a gina musu lambatun siminti. Daga nan fa wayo ya ɗebe shi. Ya tara jama'a ya ce bana kada wanda ya taɓa shebur, don in jami'ai suka tarar da lambatu fes, cewa za su yi babu matsala, su kai aikin wata unguwa. A bar shi a cushe da yashi da ledoji da mushen kaji, su zo su ga abin tausayi. Mutane da ma hutu suke nema, nan take suka ce wallahi tela akwai kai.

Aka ce jami'ai na nan tafe mako mai zuwa. Mako ya zo ya wuce, wani ya bi bayansa. In ya je ofis, sai a ce ya ƙara haƙuri, motarsu tana wata shiyya. Ana haka gabas ta fara haɗa hadari. Ranar da aka yi ɗan ruwan fari, ruwan ya rasa hanya, ya kwanta a gindin katanga kwana biyu. Tela ya zagaya ya danna bangon da babban yatsa, yatsan ya shige kamar a cikin tuwo. Tun daga ranar tsoro ya kama shi, tsoro na gaske. Yana kan keken ɗinki idonsa na sama, iska ta kaɗa labule sai gabansa ya faɗi, har ya ɗinka wa wani hannun riga a baibai. Kullum ya shiga gaishe da tsohon, maganar tsohon ɗaya ce: “Bana ban ji ƙarar shebur ba.” Shi kuma ya sunkuyar da kai ya ce, “Ana shiri, Baba.” Sau biyu yana ɗaukar shebur don ya buɗe ko da na bayan gidansa ne, sai zuciya ta ce masa: in suka zo gobe fa? Sai a ce kai ka kawo shawara, kai kuma ka ɓata wa unguwa rabo. Ya yi tunanin mai da mahaifin nasa zaure, nan ma ya ji kunyar masu wucewa su gani su ce ashe mai shawarar ma bai yarda da ita ba. Ka ji fa, kunyar maƙwabta ta fi masa tsoron katanga. Haka ya yi ta cewa gobe.

Ran wata Alhamis bayan azahar, yana shagonsa a kasuwa, sama ta yi baƙi ƙirin, ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Ya bar shago a buɗe ya zura da gudu, takalmi a hannu, yana salati. Kafin ya kai gangare ruwa ya kai masa cinya, duk sharar da suka tara wa jami'ai tana yawo a ƙofar gidansa. Yana sa ƙafa a zaure ya ji rugugin faɗuwar katangar, ya ji ihun matarsa. Da hannu shi da maƙwabta suka tone laka suka zaro tsohon, da ransa, amma ƙugu ya karye. Kwana uku ya yi, Allah ya karɓi abinsa.

Ranar Litinin, ana zaman makoki, sai ga motar jami'ai. Suka yi ta'aziyya, suka zagaya suka ɗauki hoton kangon ɗakin, babbansu ya ce duk yawon da suka yi ba su ga unguwar da ta kai wannan cancanta ba. Kafin kaka an gina lambatu na siminti, mai faɗi, mai kyau. Yana nan har yau. Telan dai ba ya bi ta bayan gidansa, ko da kuwa nan ne hanya mafi kusa zuwa masallaci.

Ni ban ce kada ka kai takardarka ba. Kai ta, amma ka dawo ka ɗauki shebur, don Hausawa sun riga sun faɗa: garin neman gira ake rasa ido.