Maginin da Ba Ya Shiga Ɗaki

Ka ce 'yan aji ɗayanka sun fara zarewa, waɗanda suka rage kuma idonsu na kan waya, har kana tsoron ka wayi gari kana karantar da kujeru. Zauna, Malam Sagiru. Ni ma shekara talatin na yi da alli a hannu a jami'ar nan, bari in ba ka misali.

An yi wani magini, gwanin gyaran soro, wanda in bazara ta kama sai an yi layi a ƙofar gidansa. Halinsa guda ne, ba ya shiga ɗaki. Yana zuwa zai jingina tsani ya haye, ya yaɓe tsagar da idonsa ya gani, ya shafe da makuba har soron ya yi ƙyalli. In mai gida ya fara bayani daga ƙasa, sai ya ce masa tun ba a haife shi ba yake kwaɓa ƙasa. Ruwa kuwa ba ruwansa da gwaninta. Ya shiga ta nan, ya bi azara a ɓoye, ya je ya ɗiga can kan gado. Wata tsohuwa sau uku tana kiransa, damina uku tana tara kwano. A ta huɗu ta kira wani da ko rabin hannunsa bai kai ba. Shi wannan da ya zo sai ya cire takalmi, ya yi sallama ya shiga, ya ce, "Iya, nuna mini inda kike ajiye kwanon." Ta nuna masa. Ya bi azarar da ido, ya hau ya toshe wani ɗan rami kusa da indararo, yoyo ya tsaya. Kafin kaka labari ya gama gari.

Daga nan kiran da ake wa gwanin ya riƙa raguwa, har ya yanke. Duk bazara gwanin zai fito da tsaninsa ya ajiye a zaure, ya zauna yana duban gabas, yana kasa kunne ko za a yi sallama. Hannunsa na nan da ƙarfinsa, abinci ma 'ya'ya sun ɗauke masa. Kewa ce ke cinsa, kewar ƙamshin jiƙaƙƙiyar makuba da hango gari daga sama. Yakan ce da mutum ɗaya zai kira shi, da sai ya shiga ya zauna a tabarma ya yi tambaya tukuna. Har ya rasu ba wanda ya kira.

Ba zan ɓoye maka ba, ni ma ina kewar aji. Laccocina har yau na haddace su, amma dubban yaran da suka wuce ta gabana ban taɓa tsayawa na tambayi ɗaya inda na ɓace masa ba. Kai kana da gobe. Ka rufe takardar laccarka, ka sauko cikinsu, ka ce su nuna maka inda abin ya shige musu duhu. In sun yi shiru ka jure, za su buɗe baki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.