Jijiyar da Umaru Ya Hana a Taɓa

Shekara talatin Umaru yana fawa a kasuwar Ƙofa, don haka gani yake babu abin da ke cikin cikin mai rai da zai ɓoye masa. Da idon ƙanwarsa Suwaiba ya yi ɗorawa, ta rame kamar kara, shi ya kai ta babban asibiti a Kano, tunda mijinta ya rasu.

Bayan hoto, likita ta kira shi ofis tare da ƙannensa maza biyu.

"Malam Umaru, ciwon daji ne a wani sashe da ke bayan tumbi, ya kuma manne da wata babbar jijiyar jini. Za mu iya cire shi tare da guntun jijiyar, mu ɗinke. Aikin yana da haɗari, ban kuma yi maka alkawarin warkewa ba, amma dama ce. Akwai tambaya?"

Tambaya kam fal cikinsa, sai dai ina shi ina nuna jahilci a gaban ƙanne?

"Likita, ni mahauci ne. Abin da aka yanke wa jijiya ba ya tashi."

Likita ta so su ji ta bakin mai ciwon, ya ce shi ne uba. Kafin azahar ya sa Suwaiba a mota, ya ce mata ciwon shawara ne, saiwa ma ta isa.

Wata huɗu tana shan jiƙe-jiƙe. Ranar da ruwa ma ya ƙi zama a cikinta suka koma. Likita ta daɗe tana duban sabon hoton.

"Ya kai hanta. Yanzu aiki ba zai yi amfani ba, sai rage raɗaɗi. Da mun yi shi a wancan zuwan..."

Suwaiba ta juyo da ƙyar.

"Yaya, ashe an taɓa cewa za a iya yi mini aiki?"

Umaru mai baki, wanda ba a kayar da shi a gardama, ya sunkuyar da kai. Kunya ta rufe shi, ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige. Suwaiba ba ta yi masa faɗa ba.

"Da ka tambaye ni, da na yarda," ta ce. "Ko don yarana."

Kwana arba'in ta ƙara a duniya. Har yau idan 'ya'yanta suka zo gaishe shi, ba ya iya haɗa ido da su.

Jama'a, sanin sana'arka ba sanin aikin likita ba ne. In ba ka gane ba, ka tambaya, kuma kada ka yanke wa majinyaci hukunci a bayan idonsa.