Aladen da Auta Ya Rubuta

An sare itacen bakin layi, an kafa shagon cajin waya a gurbinsa. Telan ƙasan bene ya koma sayar da gilashin ido. Yaya ta haifi uku, ba wanda ya san fuskar kawunsa Auta. Umma ta fara rina furfura. Baba ma, mai gyaran bututu da magudanar ruwa, ya koyi gayu da tsufa: a wurin aiki yake wanka, ya dawo cikin farar riga, ya ɗauki kwanonsa ya shige ɗaki ya turo ƙofa. In an gaishe shi sai ya amsa dalla-dalla kamar mai karanta labarai.

Abu ɗaya ne shekara bakwai ba ta taɓa ba. Har yanzu Baba ba ya haɗa ido da Auta, kuma wannan kallon Auta ya dawo nema.

Ya san laifinsa. Yana da shekara ashirin mai gidan hayarsu ya sa wa famfon tsakar gida kwaɗo. Manya suka yi gunaguni suka sayi ruwa. Auta ya ɗauki biro.

Ya zaɓi alade, duk da bai taɓa ganinsa ba sai a hoto. Alade dabba ce mai sauƙin kai ga mawaƙi: ba shi da dangi a unguwa, ba mai tsaya masa. Baiti shida ya yi. Aladensa yana wuni a taɓo, yana shigowa da wari, yana ci ba ya ɗaga kai, yana tauna a ji shi a waje, a yi masa magana ya amsa da gurnani, sannan ya kwanta ya cika gida da minshari. Bai ambaci sunan kowa ba. Gwanaye ba sa ambata, in ji shi.

Niyyarsa ya manna takardar a ƙofar ofishin mai gida. A matakala ta uku jarumtarsa ta ƙare. Sai ya dawo ya manna ta a bangon barandarsu, gefen ƙusar da ake rataye kayan aiki, tunda nan mai gida ke bi in ya zo zagaye.

Washegari takardar ta ɓace, Baba ya daina kallonsa. Auta ya gane komai nan take: waƙa ta isa inda aka aike ta, mai gida ya yi barazanar kora, Baba ya sha kunya saboda shi. Kafin wata ya ƙare ya bar gari. A can ya wanke motoci, ya yi gadi, ya ɗauki kaya, yana gaya wa duk mai saurare cewa alƙalami ne ya raba shi da gida. Har wata budurwa ta taɓa yi masa kuka.

"Jarumin biro," in ji Yaya ranar da ya dawo. "Ka zo da sabon alade ko tsohon ne dai?"

Umma ta harare ta.

Kwana tara yana zaune kusa da ƙofar Baba kamar mai jiran likita. A na goma ya yanke shawara: zai je ya ba mai gida haƙuri, ko Baba ya huce. Wannan karon ya hau matakalar har ƙarshe.

Mai gida ya tsufa, ya rame. Ya rungume shi, ya sa aka kawo ruwan sanyi.

"Ranka ya daɗe, game da waƙar nan na zo."

"Wace waƙa, ɗana?"

"Ta alade."

"Kai ne mai waƙa? Ikon Allah. Ni na ɗauka makanikanci ka tafi koyo."

Auta ya sauko a hankali. Shekara bakwai yana gudun hijira daga mutumin da bai ma san da waƙar ba. To in ba kora, me ya hana Baba kallonsa? Amsa ɗaya ya samu: Baba bai taɓa ganinsa a bakin komai ba, da waƙa ko ba waƙa. Ya ce a ransa gara wankin mota, can aƙalla ana yi masa kallon mai tarihi.

Da la'asar yana cusa riguna a jaka sai inuwa ta tare ƙofa. Baba ne, cikin farar rigarsa, idonsa a ƙasa. Ya zaro wata takarda daga aljihu, ta sha ninki har ta yi laushi kamar tsumma. Ya buɗe ta da hannu biyu. Rubutun Auta ne, an yi wa baiti biyar alama da fensir.

"Kafin ka sake tafiya," in ji Baba, "ina so ka san na yi ƙoƙari. Biyar ɗin nan duk na gyara. Na shidan ne ya gagare ni, likita ya ce minsharin haka Allah ya yi hancina."