Wasiyyar da Aka Bar wa Taubashi

Ka ce sai ka huta za ka rubuta wasiyyarka. Madalla. An yi wani magini da shi ma yake jiran ya huta. Burinsa bai taka kara ya karya ba: in ciwo ya kai shi inda baki ba ya motsi, kada a kwashe shi zuwa birni a jojjona masa robobi. A bar shi a soron da ya gina da hannunsa, ya cika yana kallon azarar da ya jera. Sai dai babban ɗansa ɗan fari ne, ko sunansa ba ya kamawa, balle ya zaunar da shi zancen mutuwa. Matarsa kuwa, da ya ɗauko maganar sai ta ce ya daina yi wa kansa mugun baki. Don haka ya kai maganar wurin taubashinsa, mutumin da tun suna samari yake cin alwashin gaje hularsa. Taubashi ya ce, "Bawana, kai dai ka mutu, sauran aikin nawa ne." Suka tafa. Ga malamin unguwa can da alƙalaminsa, ga maƙwabta suna shan inuwa, ba wanda aka kira.

Ran da ɓarin jikin magini ya shanye, harshe ya bi, 'ya'ya suka yi abin da 'ya'yan kirki ke yi, suka sa shi a mota. Taubashi ya bi su har asibiti ya faɗi saƙon, karo na farko a rayuwarsa ba da wasa ba. Babban ɗan ya ce, "Haba Baba, yau ma?" Likita dai ya saurare shi da ladabi, sannan ya tambaya: an rubuta? Mara lafiya ya sa hannu tun yana cikin hayyacinsa? Akwai shaidu biyu da ba magada ba? Shaida ɗaya ne, kuma duk gari an san sana'arsa zolaya. Haka magini ya cinye damina yana kallon rufin da ba shi ya yi ba. In taubashi ya zo dubiya suka haɗa ido, sai mai lafiyar ya sunkuyar da kai. A can magini ya cika. Hular kam an ba taubashi, ba a dai taɓa ganinta a kansa ba.

Ga shi kuwa marigayin ya fi kowa sanin cewa in yaɓe ya bushe ba ya karɓar ado. Tun ran gini, ran zane.