Baƙon da Ba a Yi wa Allura Ba

A taƙaice, lamarin ya auku ne a shekara ta tara da wajabta allurar kashe yunwa ga duk wanda bai kai saba'in ba. Tun daga lokacin, ba a ɗora tukunya sai agogon gida ya yi ƙara ya tuna wa mutane lokacin cin abinci. Na gidan Malam Lurwanu ya lalace, babu wanda ya lura.

Surukinsa Baba Tanimu, mai shekara tamanin, ya zo musu ziyara. A rana ta uku Lurwanu ya shiga gaishe shi, ya ga buta tana rawa a hannun tsohon.

"Baba, lafiya kuwa?"

"Lafiya lau. Gidanku akwai tsabta, ko warin hayaƙi babu."

Lurwanu ya fita da sauri. Ya leƙa madafa, ya taɓa murhu, ya ji sanyi ƙalau. Ya kira matarsa.

"Zulai, yaushe rabon Baba da abinci?"

Ta yi lissafi da yatsu. "Ai bai ce yana jin yunwa ba."

"A gidan surukinsa zai faɗa?"

Sai suka ji ƙarar faɗuwar buta.

Abin da lamarin ya ci: kwana huɗu a asibiti, ledar ƙarin ruwa shida, da Baba Tanimu, wanda tun da aka sallame shi bai sake kwana a gidan 'yarsa ba.