Layar da Koci Ya Binne a Raga

Ranar wasan ƙarshe na gasar kulob-kulob ta ƙasar Daura bara, koci Abdulbaƙi ya dubi abokan karawarsu, 'yan garin Babban Mutum, ya taɓe baki.

"Manoman gero ne za su ɗauki kofi?" ya ce wa mataimakinsa Zailani. "Na binne laya a ragarmu. Malam ya ce ko sauro ba zai shiga ba."

Haka kuwa aka yi. Har aka tafi hutu, duk bugun manoman turken raga yake duka. Abdulbaƙi sai dariya.

Da aka dawo, aka sauya raga.

Manoman suka zura uku. Ragar mai laya kuwa, har aka tashi ko sauro bai shiga ba.